Direba ne ke cin tseren Formula 1, ko kuwa motarsa?

Sabon Ɗan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar tseren motoci. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana tsaye mini a rai, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su yi mini uzuri idan ta yi kama da ta wanda bai san komai ba, domin gaskiyar magana ban daɗe da fara kallo ba.

Na fara bin gasar Formula 1 ne a kakar 2023, shekarar da Max Verstappen ya lashe tsere 19 daga cikin 22, ƙungiyarsa ta Red Bull kuwa ta kwashe 21, in ban da na Singafo wanda Carlos Sainz ya ci da motar Ferrari. Kusan kowane mako sai in zauna in ga mota guda ta yi wa sauran fintinkau tun tsere bai yi nisa ba, masu sharhi kuma su yi ta kambama direban kamar da ƙafarsa ya yi gudun. Da na koma na karanta tarihi sai na tarar ba sabon abu ba ne. Mercedes ta riƙe kambun ƙungiyoyi shekara takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021, kafin ita kuma Michael Schumacher ya yi nasa zamanin a Ferrari daga 2000 zuwa 2004. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne batun Fernando Alonso, wanda ya zama zakaran duniya sau biyu, a 2005 da 2006, amma da ya samu kansa cikin motar McLaren mai injin Honda a 2015, maki 11 kacal ya tara a shekarar gaba ɗaya. Ba na jin tuƙi ya manta.

To idan motar da ta fi gudu ita ce ke ci, mene ne ainihin abin da muke yabawa a wurin direba? Kuma ta wace hanya mai kallo irina zai bambance gwani na gaske da wanda ya dace da mota mai kyau kawai?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ba ka yi tambayar banza ba, domin tun 1950 da aka fara gasar a Silverstone ta Ingila ake wannan muhawara, kuma Juan Manuel Fangio ma, wanda ya ci kambu biyar da motocin kamfanoni huɗu, ba a bar shi ba, an ce ya iya gane inda mota mai kyau take ne ya koma can.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne abokin zama. Kowace ƙungiya motoci biyu take fitarwa, iri ɗaya, daga masana'anta ɗaya, saboda haka mutum guda ne tak a duk filin da za ka iya gwada direba da shi ba tare da ka zalunce shi ba. Ka koma shekarar da ka fara kallo. Motar da Verstappen ya tara maki 575 da ita, irinta Sergio Perez ya tuƙa ya tara 285. Da mota ce kaɗai ke aiki, da tazarar ba ta kai haka ba. Kafin Perez kuma an ɗora Pierre Gasly a kan wannan kujera a 2019 aka sauke shi bayan tsere 12, aka kawo Alexander Albon shi ma bai daɗe ba, alhali dukansu biyu sun je wasu ƙungiyoyi sun nuna cewa ba ragwaye ba ne.

Amma kada in ɓoye maka ɗaya ɓangaren, domin akwai wani dare da ya ba masu ra'ayinka hujja mai ƙarfi. A watan Disamba na 2020 Lewis Hamilton, direban Mercedes, ya kamu da cutar korona, sai Mercedes ta aro George Russell daga Williams don tseren Sakhir a Bahrain. A lokacin Russell ya kusa cika kaka biyu a gasar bai taɓa samun ko maki ɗaya ba, saboda motar Williams ta wancan lokaci a can baya take fama. Ya fi Hamilton tsawo, mazaunin motar ya yi masa kaɗan, har sai da ya sa takalmin da bai kai ƙafarsa ba kafin ya iya taka birki da totur yadda ya kamata. Duk da haka, a gwajin neman gurbi na ranar Asabar, wanda ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi, ya zo na biyu, tsakaninsa da Valtteri Bottas, wanda ya shekara huɗu a ƙungiyar, daƙiƙa 0.026 ce kawai. Da aka kashe fitilun fara tsere ranar Lahadi ya sha gaban Bottas tun a kwanar farko, ya ja ragamar tseren zagaye bayan zagaye kamar dama can motarsa ce.

Abin da ya raba shi da nasara ba tuƙi ba ne. Jack Aitken, wato direban da ya gaji kujerarsa a Williams a wannan makon, ya zame ya bar fiffiken gaban motarsa a kan titi, aka fito da motar kiyaye haɗari, Mercedes ta kira motocinta biyu lokaci guda don canjin taya. Cikin ruɗanin sai kanikawa suka ɗaura wa Russell tayoyin gaba na Bottas, wanda doka ta haramta, dole ya sake shigowa. Ya koma ya ci gaba da wuce mutane har ya kai na biyu yana bin Perez, sai tayarsa ta baya ta yi faci. A na tara ya ƙare. Na tuna yadda na miƙe tsaye a gaban talabijin ina wa kanikawan nan faɗa, ni da na san irin wahalar aikinsu.

Wasu sun ce wannan dare ya tabbatar kowa aka ba Mercedes zai ci. Ni ba haka na karanta shi ba, domin har zuwa wannan lokaci babu wani abokin zamansa a Williams da ya taɓa rigan Russell a gwajin neman gurbi, ko sau ɗaya. Masu lura sun riga sun san gwani ne tun yana ƙarewa na sha shida, motar Mercedes dai ta nuna wa sauran jama'a ne. Saboda haka shawarata ita ce ka daina tsayawa kan wanda ya zo na ɗaya, ka riƙa duba kowace ƙungiya ka ga wanene ya fi ɗan'uwansa, da tazarar nawa, kuma sau nawa a shekara.

Mai Riƙe da Agogo ta rubuta:

Malam Bakanike, Allah ya ƙara sani. Na yarda da abin da ka faɗa, sai dai ina ganin tambayar ɗan'uwanmu ta bar wasu mutane a waje, domin ba direba da mota ne kaɗai ke tsere ba. Akwai waɗanda ke zaune a bakin gareji da kwamfutoci a gabansu, kuma sau da yawa a hannunsu ake cin tsere ko a zubar da shi, kamar yadda labarin Russell ɗin ma ya nuna.

Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, saboda haka mota tana tashi ne da nauyin man da zai kai ta ƙarshen kilomita 305 ko sama da haka kaɗan, tana ƙara sauƙi yayin da man ke ƙonewa. Tun 2011 kuma kamfanin Pirelli ne kaɗai ke samar da taya, kuma a kowane tsere akwai nau'i uku na busasshen titi: mai laushi mai jan zane, matsakaiciya mai ruwan ɗorawa, da mai tauri mai fari. Mai laushi ta fi kama kwalta amma ba ta jimawa, mai tauri tana jimawa amma ba ta da kuzari. Doka ta wajabta wa kowane direba amfani da aƙalla nau'i biyu idan ba a yi ruwa ba, wato dole ne ya tsaya ko da sau ɗaya. Canjin tayar kansa ba ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, McLaren ma ta taɓa yi wa Lando Norris cikin 1.80 a Katar a 2023, amma shiga layin gareji da fita a hankali yakan cinye kusan daƙiƙa ashirin ko fiye. Duk dabarar tana cikin sanin lokacin da za a biya wannan bashi.

Misalin da nake yawan ba sababbin masu kallo shi ne tseren Hangari na 2019. Verstappen ne ya tashi a gaba, karo na farko a rayuwarsa, Hamilton na biye da shi, kuma titin nan matsattse ne, wucewa na da wuya. Hamilton ya gwada ya kasa. A zagaye na 48 cikin 70 sai Mercedes ta kira shi ya sake canjin taya karo na biyu, abin da ya mayar da shi baya da kimanin daƙiƙa ashirin. Red Bull ta rasa yadda za ta yi, domin idan ta kira Verstappen a zagaye na gaba zai fito ne a bayan Hamilton, idan kuma ta bar shi sai ya kai ƙarshe da tsofaffin tayoyi. Ta bar shi. Daga nan sai tazarar da ke rubuce a gefen allo ta fara zaizayewa, wani zagayen daƙiƙa ɗaya, wani fiye da haka, har a zagaye na 67 Hamilton ya iso shi ya wuce kamar mai wuce motar haya, saboda tayoyin Verstappen sun riga sun mutu.

To wa ya ci wannan tsere? Waɗanda suka yi lissafin sun cancanci yabo, amma lissafin nasu ya dogara ne kan cewa mutumin da ke cikin motar zai iya yin zagaye kusan ashirin a matuƙar gudu, yana ratsa motocin da aka zagaye, ba tare da ya ƙona sababbin tayoyin ba kafin ya isa. Ba kowane direba za a kira a ba shi wannan aiki ba. Haka Ross Brawn, shugaban sashen fasaha na Ferrari a lokacin, ya riƙa yi da Schumacher, ya tsayar da shi sau uku a Hangari a 1998, kuma Ferrari ta tsayar da shi sau huɗu a Faransa a 2004 ya doke Alonso. Irin wannan dabara ana ƙulla ta ne gwargwadon hannun da za a miƙa wa.

Don haka, ɗan'uwa, idan ka ga na gaba ya tsere kada ka kashe talabijin. Ka bi jerin sunayen da ke gefe, ka lura da launin tayar kowa da zagaye nawa ya yi a kanta, sannan ka dubi lokutan zagaye. Direban da ke maimaita lokaci kusan iri ɗaya a kan tayar da ta yi zagaye talatin, alhali na abokin zamansa yana ta lalacewa, aiki yake yi wanda kyamara ba ta cika nunawa ba.

Ɗan Jar Mota ya rubuta:

Yayana da Malama sun yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa sabon shiga ba tare da kwana-kwana ba. Formula 1 ba a gina ta don ta zama adalci tsakanin direbobi ba. Doka ta ce kowace ƙungiya ta zana motarta da kanta, shi ya sa tun 1958 ake ba da kambun masu ƙera motoci daban, kuma da matsayin ƙungiya a wannan jeri ake raba kuɗin gasar. Wanda ke son ganin kowa da mota iri ɗaya, ga Formula 2 nan, ga kuma IndyCar ta Amurka, inda kamfanin Dallara na Italiya ke ƙera gangar jikin motocin duka.

Ku dubi Jenson Button. A 2008 maki 3 ya samu da Honda. Kamfanin ya janye a ƙarshen shekarar, Ross Brawn ya karɓi ƙungiyar ya sa mata sunansa, injiniyoyinsa suka gano wata kafa a dokar da ta shafi yadda iska ke fita ta ƙarƙashin bayan mota, sai ga Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farkon 2009, ya zama zakaran duniya. Mutumin bai canza ba cikin wata huɗu. Ku kuma dubi Adrian Newey, wanda motocin da ya zana suka ci kambu a Williams da McLaren da Red Bull. A ganina babu direban da ya yi tasirin da ya kai nasa a shekara talatin da suka wuce.

Su kansu masu gasar sun san haka, shi ya sa a 2021 suka ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe a shekara, aka fara da dala miliyan 145, sannan suka rage wa masu ƙarfi lokacin gwajin yadda iska ke bi ta jikin mota, daga 2022 ta ɗaya ta samu kashi 70 cikin ɗari na ma'auni, ta goma ta samu 115. Red Bull ta ɗan haura iyakar kuɗin a shekarar farko, aka ci ta tarar dala miliyan 7 tare da rage mata lokacin gwajin da kashi 10. Ba a ɗaure hannun direbobi ba, na injiniyoyi aka ɗaure, domin an san inda ƙarfin yake.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Ɗan Jar Mota, ban musanta ko kalma ɗaya daga abin da ka kawo ba, sai dai in tuna maka cewa Button ba shi kaɗai ne a Brawn ba. Rubens Barrichello yana da irin motar, ya ci tsere biyu, ya ƙare na uku. Kuma akwai shekarun da kambun direbobi ya tafi wani gida, na ƙungiyoyi ya tafi wani. A 1986 Williams ce ta fi kowa, amma Nigel Mansell da Nelson Piquet suka yi ta cinye wa juna maki har Alain Prost ya ratsa da McLaren ya ɗauke. A 2024 McLaren ta ci na ƙungiyoyi karo na farko tun 1998, Red Bull ta faɗo ta uku, Verstappen kuma ya riƙe nasa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na manta ban faɗa wa ƙanenmu ba, wato ruwan sama. Idan titi ya jiƙe, ƙarfin inji ba ya da amfani sosai, domin taya ba za ta iya sauke shi ƙasa ba, kuma layin da kowa ya saba bi shi ne ya fi santsi saboda robar da ta kwanta a kai. Sai direba ya riƙa laluben inda kwalta ke kamawa, kwana bayan kwana, ga feshin motar gaba ya rufe masa ido. A Donington a 1993 Ayrton Senna yana cikin McLaren mai injin Ford wanda bai kai Renault na Williams ƙarfi ba, ya koma na biyar bayan an tashi, amma kafin a gama zagayen farko ya wuce Schumacher da Karl Wendlinger da Damon Hill da Prost, kuma ya ƙare tseren bayan ya zagaye kowa in ban da Hill. A Sao Paulo ta Brazil a 2024 Verstappen ya tashi daga na 17 ya ci da tazarar daƙiƙa 19. Gaskiya ne jar tutar da aka ɗaga aka dakatar da tseren ta taimake shi, domin ya canza taya kyauta yayin da Norris ya riga ya tsaya, amma jar tuta ba ita ta wuce masa motocin da ya wuce a zagayen farko ba.

Ina kuma so in ja kunne game da ma'aunin da ni da kaina na bayar, domin shi ma yana da nasa aibin. Wani lokaci ana zana mota ne bisa salon babban direban ƙungiya, na biyu ya yi ta kokawa da ita, wani lokaci kuma sababbin kayayyaki ɗaya ake fara ɗaura wa. Jimillar maki ma takan yi ƙarya. Nico Rosberg ya doke Hamilton da maki 5 a 2016, a shekarar da injin Hamilton ya kama wuta a Malesiya yana kan gaba, ko da yake duk wanda ya doke Hamilton a mota iri ɗaya ba a raina shi. A 1988 kuwa McLaren ta ci 15 cikin 16, Prost ya fi Senna jimillar maki, amma da yake sakamako 11 mafi kyau kaɗai ake ƙirgawa a lokacin, Senna ne ya ɗauki kambun da maki 90 a kan 87. Har yau magoya bayan mutanen nan biyu ba su daina jayayya kan wannan shekara ba, kuma mota ɗaya suka tuƙa.

Sabon Ɗan Kallo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Bakanike, Malama, da kai Ɗan Jar Mota, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na nemo tseren Hangari na 2019 na kalla daga zagaye na 45 zuwa ƙarshe, idona na kan jerin da ke gefe kamar yadda Malama ta ce, kuma duk da na san sakamakon sai da na samu kaina ina ƙirga daƙiƙoƙin da suka rage da zagayen da suka rage. Na kuma ɗauki takarda na ja layi, na rubuta direbobin kowace ƙungiya biyu-biyu, zan riƙa cike ta kowace Asabar da Lahadi.

Har yanzu dai batun Alonso bai bar ni ba. Na duba na ga a 2012 maki 3 ne kawai suka raba shi da Sebastian Vettel, alhali ana cewa Ferrari ta wannan shekara ba ta kai Red Bull gudu ba, kuma tun tseren Sifaniya na 2013 adadin nasarorinsa ya tsaya a 32 shekara da shekaru. Ya bar Ferrari ya koma McLaren daidai lokacin da injin Honda ke ba da wahala. Malam Bakanike, ka ce an zargi Fangio da iya zaɓen mota. To shin iya zaɓen inda za a sa hannu a kwantiragi yana cikin abin da ake ƙirga wa direba a matsayin gwaninta, ko kuwa a gefe ake ajiye shi idan an zo awo?